Rigar Yaya Habibu a Sahun Matattu

A Dei-Dei na tashi, a wani gidan haya da ke bayan kasuwar katako, inda kukan injin yankan itace ba ya ɗaukewa sai an kira magariba. Babanmu direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana a gida ba, don haka gidan kusan na mata ne: Umma, da Iya mahaifiyar Baba, sai ni da yayana Habibu wanda ya ba ni shekara huɗu. Sana'ar Iya suyar gyaɗa ce, tana ƙullawa a leda ana kai wa masu lodi da direbobi. Kullum da la'asar sai ta tura mu bakin kasuwa mu tsinto guntayen katakon da kafintoci suka yar, ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi. Wutar katako hayaƙi gare ta, wani ma har warin fenti yake yi, amma ba mu taɓa damuwa ba. In ta sauke kaskon ƙarshe sai garwashi ya rage, mu kuma mu matso da sunan taya ta murje ɓawo.

Taya ta dai da suna ne. Rabin abin da na murje a bakina yake ƙarewa, kuma Iya na gani. Ni Sarkin Baki take ce mini, saboda ba a faɗin magana in bar ta ta wuce. Habibu kuwa Maigida take kiransa, irin wasan kaka da jika, kullum sai ta tare shi da, "Maigida, yau ma ba cefane? Ni dai ban yi sa'ar miji ba." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi, don ba mai yawan magana ba ne. Umma ba ta zama da mu. Tana bakin ƙofar ɗaki tana tsintar wake ko goge gilashin fitila kamar ba ta ji, alhali ba abin da ke wuce ta. Kuma tunda Habibu ɗan fari ne, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kunya ba ta barin ta. Sai dai "kira yayanki", ko "ina wancan ya shiga?" Ko lokacin da ya faɗo daga bayan motar Baba yana ɗan shekara tara ya goce a kafaɗa, har ya warke da kafaɗar hagu a ɗan sauke, Iya ce ta yi jinya da kuka a fili. Umma a bayan ɗaki ta yi nata kukan, ni na gan ta.

Iya tana da labarai da yawa, na dabbobi, na aljanu, da na matan da suka fi mazajensu wayo, amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ta ga dama. Ko mun roƙa sai ta ce ba yau ba. Ranar da za ta yi shi, sai ka ga ta daɗe tana jujjuya garwashi da ɗan itace. Daga baya na ji cewa ƙanin mahaifinta na cikin samarin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙinsu a ƙetaren teku, tun tana 'yar ƙarama. Bai dawo ba, ba a kuma taɓa kawo labarin mutuwarsa ba. Ina jin shi ya sa muryarta kan yi ƙasa in ta zo kan wannan.

"Ga ta nan tafe a ƙasa, ba ta da abin hawa," in ji Iya.

Mu ce, "Ta ƙaraso mu ba ta tabarma."

Wai a wani gari aka zo aka ɗebi samari zuwa yaƙi. Aka kai su wani daji mai nisa, babbansu ya jera su a bakin wani rafi, ya ce su tsare wurin, kada wanda ya motsa sai ya dawo ya sallame su. Ya tafi abinsa. Yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida, aka manta da su. Suna nan tsaye har yunwa da zazzaɓi suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. To amma soja, in ji Iya, ba ya barin aiki sai an sallame shi, ko da ya mutu. Da suka gaji da jira sai suka kamo hanyar gida a ƙasa, shekara da shekaru, suna neman wanda zai ce musu an gama.

Wata ranar kasuwa da yamma sai ga su a ƙofar gari, sun yi sahu, kaki duk ya yage, fuska fari fat kamar an shafa toka. Ba su taɓa kowa ba, ba su ce uffan ba. Tsayuwa kawai har rana ta faɗi, washegari ma haka. Gari ya rikice, kasuwa ta watse, mata suka daina zuwa rijiya. Mai gari ya aika wata ƙasa aka ɗauko maharba da 'yan tauri na haya, mutanen da faɗa ne sana'arsu, ba ruwansu da wa ke da gaskiya. A nan Iya takan taɓe baki ta ce, "Masu cika baki, kowa da layu har gwiwa." Suka yi harbi, suka yi sara, a banza. Kuma duk wanda ya ɗaga makami a kansu, da safe sai a gan shi a ƙarshen sahu, shi ma ya yi fari ya ƙame.

To akwai wata tsohuwa da ɗanta na fari ke cikin sahun. Tun ranar farko ta gane shi, kullum takan je ta leƙa ta bayan katanga ta dawo, ba ta gaya wa kowa ba. Rannan sai ta yafa mayafi ta fita, mutane na ce mata ina za ki, ba ta juyo ba. Ta ratsa har gabansa. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ta buɗe baki ta kira shi da sunansa na yanka, a gaban duk gari, ta ce, "An gama. Je ka kwanta." Sai ya sauke bindiga, ya kwanta kamar mai barci, ya zama ƙasa. Da sauran iyaye mata suka gani, kowace ta fito ta kira nata. Waɗanda uwayensu suka riga suka mutu kuwa, Iya ta ce suna nan tsaye har gobe, a wani wuri da ita ma ba ta sani ba.

Sai Iya ta rufe labarin da cewa, "Ta koma inda ta fito. Ku ma ku tashi ku ba ni wuri."

Habibu sojojin yake so. Washegari sai ya samo guntun katako ya rataya a kafaɗa ya ƙame a bakin ƙofa. In yi ta yi masa cakulkuli, in sa masa ɓawon gyaɗa a kunne, ba zai motsa ba sai Iya ta ce ta sallame shi. Ni kuwa tsohuwar ce take ba ni haushi. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Iya, ai wauta ta yi. Da ta bar shi, kullum tana ganinsa. Yanzu ta kira shi ya zama ƙasa, me ta samu?"

Iya ta dube ni ta ce, "Sarkin Baki, ke kina zaune kina cin gyaɗata, shi yana tsaye shekara nawa? Ƙafa ba ta ciwo ne?"

Daga bakin ƙofa sai muka ji muryar Umma: "Iya, a bar labarin nan haka, yara za su yi mafarki." Iya ta ci gaba da ƙulla gyaɗa a leda.

Iya ta rasu ina aji uku na sakandare, Baba ya bi ta bayan shekara biyu. Habibu ya shiga soja, ba wanda ya yi mamaki. Aka tura shi arewa maso gabas. Yakan kira duk Juma'a, mu sha hira da shi, sannan in miƙa wa Umma wayar ta ce, "To, Allah ya tsare," ta miƙo mini. Iyakar hirarsu ke nan. Sai wata Juma'a bai kira ba. Bayan sati uku aka zo aka gaya mana an kai musu hari, ba a gan shi cikin waɗanda suka dawo ba, ba a kuma gan shi cikin gawarwaki ba.

Shekara uku muna haka. Baffa Sule, ƙanin Baba, ya zo ya fi a ƙirga yana cewa a yi masa sallar ga'ib, wato sallar jana'izar da ake yi wa mamacin da ba a samu gawarsa ba, a yi sadaka, kowa ya huta. Umma takan saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam Sule, ban ga gawa ba. Ranar da na gani, ni zan aiko a kira ka." A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe, ciki da kakin da Habibu ya bari zuwansa hutu na ƙarshe, a goge, da kafur a tsakani. Wannan jiran da take yi shi ne ya riƙe ta a tsaye, kowa ya sani, shi ya sa ba a matsa mata sosai. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na daɗe da binne shi a zuciyata, kuma ina jin haushin Umma da ta hana mu yin kuka mu gama.

A lokacin na riga na faɗa harkar fim. Ba irin manyan nan ba. Namu kamara ɗaya ce, da janareto ɗaya mai tari, da motar haya da muke cusuwa ciki kamar buhunan albasa. Ni ce mai kayan sawa da kwalliya. In ana son jini, zoɓo nake dafawa da sitaci. In ana son gawa, farar ƙasa da toka. Mai ba da umarninmu Oga Danladi ne, mutumin kudancin Kaduna, mai kirki da son abin tsoro, in dai ba a firgita a fim ba a wurinsa ba a yi komai ba. Wata rana cunkoson motoci ya riƙe mu a hanyar Jabi, bakina da ba ya shiru, na ba su labarin Iya don a rage zama. Kafin mu fita daga cunkoson Oga Danladi ya gama tsara fim a kansa.

"Rabi, wannan labari na kakanki zai tafi," in ji shi. "Amma tsohuwa ɗin nan za mu cire shi. Wa zai zauna ya kalli tsohuwa? Mercenaries muke so, su zo da manya manyan bindiga, sojoji su tashi su cinye su one by one."

Na yi gardama kaɗan na bari. Fim ya koma labarin wasu sojojin haya da wani attajiri ya ɗauka su tono masa akwatin zinariya a wani tsohon sansanin yaƙi, sai matattun sojojin da ke gadin wurin suka tashi. Na Iya ba sa taɓa kowa, namu har hanji suke ja. A wani kangon bene da ba a gama ba a bayan Dei-Dei muka ɗauka, da rana tsaka, daga baya aka mayar da shi dare a kwamfuta. Matattun kuwa daga Kuchigoro muka ɗebo su, unguwar da 'yan gudun hijira daga arewa maso gabas suke zaune, dogayen maza ramammu da Oga Danladi ya ce ba sa buƙatar kwalliya mai yawa. Muka yi dariya da ya faɗa. Har yau in na tuna dariyar nan sai kunya ta kama ni.

Matsalarmu kaki ce. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, masu gwanjo ma tsoron ajiye shi suke yi. Tela ya ɗinka mana wasu da yadin makaranta, na rina su, daga nesa ba laifi. Amma babban matattun, wanda kamara za ta matsa har ƙirjinsa, Oga Danladi ya ce dole a samo na gaske. A irin fim ɗinmu duk abin da aka rasa daga gida ake ɗaukowa, wannan ya kwanto labulen matarsa, wancan ya aro kujerar surukinsa, an gama a mayar. Mun saba, ba ma ganinsa a bakin komai. Ban tsaya dogon tunani ba. Ranar da Umma ta tafi awon hawan jini na jawo akwatin, na zare riga da wando, na tura akwatin inda yake. Na ce a raina kwana biyu ne kawai. Sunansa da ke ɗinke a ƙirjin rigar na liƙe shi da baƙin salatif.

Wanda rigar ta yi wa daidai wani ne Bitrus, lebura mai kwaɓa siminti, mutumin wajen Gwoza, mai sanyin magana. Na shafe masa fuska da farar ƙasa har ba a gane ko wane ne. Da aka ce ya tako, sai ya riƙa tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Oga Danladi ya yi ta ihu, "Ba haka gawa yake tafiya ba! Rabi, abeg, nuna masa wani abu." Na shiga gabansa, na sauke kafaɗar hagu, na ɗan karkata kai, na taka a hankali. Kowa ya tafa. Sai da na ga Bitrus ya nufo ni cikin rigar nan da wannan takun sannan na gane tafiyar wa na koya masa. Na zaga bayan kango na zauna a kan bulo har aka gama ɗauka. Saboda haka ba na wurin lokacin da zufa ta ɓamɓare salatif ɗin, kuma cikinsu ba wanda ya san dalilin da aka liƙa shi.

Na wanke kayan a gidan wata ƙawata, na goge, na mayar cikin akwati. Wata biyu ba abin da ya faru. Fim ya fita, masu tura finafinai a waya suka baza shi a tashoshin mota. Ni ko kallonsa ban yi ba.

Wata Laraba na dawo da la'asar, tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin dambu da zogale. Rabon da a yi dambu a gidanmu tun zuwan Habibu na ƙarshe, don shi ne abincin da ya fi so. Na tarar da Umma ta yi wanka ta sa atamfar da take zuwa biki da ita, ga maƙwabciyarmu Maman Ladi, mai sayar da abinci a tashar Jabi, zaune kusa da ita da waya a hannu. Umma ta miƙe ta kamo hannuna, abin da ba ta saba yi ba.

"Rabi, yayanki na da rai. Zo ki gani."

Maman Ladi ta danna wayar. Ga kangon, ga hayaƙin tayar da muka ƙona, ga shi ya fito daga duhu da kafaɗa a sauke. Kamara ta matsa, sunan ya fito ɓaro-ɓaro. Umma ba ta yi boko ba, amma shekara uku tana shafa waɗannan haruffan da yatsa, ta san su.

"Na ce muku ban ga gawa ba," in ji ta. "Wataƙila kansa ne ya taɓu ya manta hanyar gida, 'yan fim suka tsince shi. Ke da kike harkar, ba za ki rasa sanin masu shi ba. Dubi yadda ya rame."

Da a take na faɗi gaskiya, da ya fi. Ban faɗa ba. Na ce, "To Umma, bari in bincika." Na zauna na ci dambun nan. Kwana biyu na bar ta cikin wannan farin cikin. Ta fito da katifarsa ta shanya, ta aika wa Baffa Sule cewa ya zo ya ga wanda ya so a yi wa salla. Ta yi dariya har na ga wushiryarta, wadda na manta tana da ita. Wallahi sai da na yi tunanin in bar ta haka, in riƙa cewa ana nan ana nema, wata ya bi wata. A kwana biyun nan na gane abin da na gaya wa Iya ina yarinya ba shirmen yara ba ne kawai. Abu ne da ke cikin jinina, in bar mutum a tsaye don ni ina jin daɗin kallonsa. Umma ce a tsaye yanzu, ni kuma ina leƙen ta ina jin sanyi a raina, ina tsoron buɗe baki.

Ranar Juma'a da hantsi ta ce in shirya in raka ta gidan rediyo a yi cigiya, ta ma dafa wani dambun ta sa a kwano ko za a dace. Sai na durƙusa na jawo akwatin, na fito da rigar, na juya wuyanta na nuna mata farar ƙasar da ta maƙale a ɗinki, wadda wanki bai fitar ba. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta karɓi rigar ta daɗe tana duba wuyan.

"Rigar na ji," ta ce. "Tafiyar fa?"

"Ni na koya masa, Umma."

Na so ta mare ni. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ninke rigar ta ajiye a kan gado, ta ɗauki mayafi da kwanon.

"Ki kai ni in gan shi."

"Umma, ba shi ba ne. Wani bawan Allah ne, Bitrus sunansa."

"Na ji. Ki kai ni."

Mota biyu muka hau da keke kafin mu isa Kuchigoro. Muka bi ta tsakanin ɗakunan buhu da kwano har muka same shi a ƙofar nasa yana kankare siminti daga shebur. Ba kwalliya a fuskarsa, sai furfura a gemu, ya girmi Habibu nesa ba kusa ba, ko ta ina ba su yi kama ba. Na ja shi gefe na yi masa bayani a gurguje, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya cire hula ya durƙusa a gaban Umma.

"Mama, sannu da zuwa. Allah ya sani, ban san rigan yaronki ne ba. Da na sani ba zan sa ba."

Umma ta amsa gaisuwar, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi zaman gari, kamar wadda ta zo zumunci. Sannan ta ce, "Ɗana, in ba zan takura ka ba, ka yi mini tafiyar nan. Daga bakin famfon can zuwa nan."

Bitrus ya dube ni, na kau da kai. Ya miƙe ya tafi har famfon da tafiyarsa ta kullum, ya tsaya ya ba mu baya na ɗan lokaci. Sannan ya juyo, ya sauke kafaɗa, ya karkata kai, ya fara takowa. Matan da ke layin ruwa suka ja jarkokinsu gefe, ba wadda ta tambayi me ake yi. Ni bakin Umma nake kallo. Na ɗauka za ta yi irin na tsohuwar nan, ta kira sunan sau ɗaya a yi ta ta ƙare. Leɓenta ya motsa, amma ba abin da ya fito. Ya iso gabanta ya tsaya, hawaye na bin gemunsa.

"Mama, ni ma ina da nawa. Ƙanina da matana. Har yau ban binne kowa ba."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Umma. Ta miƙa masa kwanon. "Karɓi ka ci. Ai kai ne ka sa rigar."

Na sha juya labarin Iya a raina tun daga ranar. Shekaru na yi ina ɗauka na uwaye ne masu taurin kai, har ina ganin Umma ce ta ƙi ɗaukar darasi. Amma tsohuwar cikin labari ta fi Umma sa'a, ɗanta ne na gaske a gabanta, ta gan shi da idonta kafin ta sallame shi. Iya ba ta taɓa gaya mana me uwa za ta yi in ba wanda ya zo ƙofar gari ba, wataƙila don ita ma nasu bai zo ba. Abin da kuma ban taɓa tsammani ba shi ne in ga kaina a cikin labarin, ba a gefen uwaye ba, a gefen 'yan hayar nan, waɗanda suka zo da kayan aiki da cika baki kan abin da ba su san ciwonsa ba. Su dai baƙi ne, daga wata ƙasa aka ɗauko su. Ni uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi.

A cikin keke muna dawowa Umma ba ta dube ni ba. Sai da muka kusa titi ta ce, "Ki kira Baffanki. Ki ce gobe bayan azahar."

Aka yi sallar a masallacin unguwa, aka yi sadaka, mutane suka zo gaisuwa suna cewa gara da ta haƙura. Abin da na yi shekara uku ina nema ke nan, na kuma samu, amma ban taɓa jin nauyin wani abu kamarsa ba. Umma ba ta sake tada maganar rigar ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai rage cin abinci, ta rage fita.

Bayan an yi arba'in na dawo wata rana na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da wayarta tana ta dannawa. Ashe ta sa Maman Ladi ta tura mata fim ɗin. Ba mu da wani hoton Habibu mai motsi, ko ɗaya. Ta ɗago ta miƙo mini wayar.

"Rabi, ta ƙi. Nemo mini wurin."

"Umma, kin san ba shi ba ne."

"Na sani. Nemo mini."

Na zauna a gefenta na nemo. Yanzu kusan kullum ne bayan la'asar. Sai ya fito daga cikin hayaƙi, ya yi taku shida ko bakwai, ita kuma ta matso da fuskarta. Bayan takun nan ne a fim ɗin yake kama ɗaya daga cikin sojojin hayar ya yaga masa wuya da haƙori. Umma sau ɗaya ta taɓa ganin wurin.

"Tsayar a nan," takan ce, "kafin ya kai ga mutanen."

Ni kuma in tsayar.